Ladanin da Ya Sayar da Muryarsa

An yi wani mutum a cikin gonakin rake na bayan garin Labasa, a nan ƙasar Fiji, ladanin wani ƙaramin masallaci mai rufin kwano. Ba zan faɗi sunansa ba. Rabinku kun san shi, kun ci abinci a gidansa. Sauran kuma, in dai akwai talabijin a ɗakinku, kun ji muryarsa jiya da yamma bayan labarai. Wata biyar ke nan da binne shi.

Ya 'yan uwa, ku buɗe kunne, don ba hira na zo yi ba.

Mutumin nan bai taɓa shan giya ba. Ku riƙe wannan tun daga farko. Ko ɗigo bai shiga bakinsa ba har ya koma ga Ubangijinsa. Bai yi sata ba, bai bi matar kowa ba. Yana noman rakensa eka takwas, yana da 'yan awaki, da matarsa Nasiban, da 'ya ɗaya da ke aure a Niyu Zilan. Gajere ne, ƙafarsa ɗaya ta ɗan karkace tun ranar da keken shanu ya taka shi yana ƙarami. In ya shiga kasuwar Labasa ba wanda ke waiwayowa ya dube shi. Abu ɗaya Allah ya ba shi, ya kuma ba shi da yawa, wato murya.

Shekara goma sha tara yana kiran salla. Yana da yadda yake yi, kowa ya sani. Sai ya ƙwanƙwasa makirufo da yatsa sau biyu, ya ɗora hannun dama a kunne, ya ja numfashi. In ya zo ƙarshen kalma sai ya ja ta, ya ja, ta yi sama kamar za ta tsinke, sannan ya sauko da ita a hankali da wata 'yar rawa a wutsiyarta. Matan Hindu na tsallaken rafi da kiransa suke ɗora tukunyar shayi. Masu yankan rake da shi suke wasa adda. Maƙwabcinsa Shiu Dayal, ɗan Hindu mai shanun tatsa, bai taɓa sayen agogo ba. Cewa yake, “Me zan yi da agogo, ga ɗan'uwana a saman kwano?”

To, ta nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Mutumin ya fara sauraron kansa. Ya dawo daga masallaci da safe, ya tsaya a bakin kicin ya ce wa matarsa, “Yau kin ji yadda na sauko da ita?”

Ta ce, “Na ji. Matsa mini, gurasar roti na ƙonewa.”

Abin ya riƙa cinsa a rai. Murya irin wannan, a ce daga rake sai awaki ke jin ta? Bai faɗa wa kowa ba, amma duk wanda ya zauna da shi ya ga alama.

Ana nan sai Haji Tayyab, shugaban kwamitin masallaci, ya tashi aurar da ɗansa. Aka kafa rumfar kwano, aka yanka awaki, aka ce ladan ya yi yabon Annabi kafin a raba abinci. Ya yi. Tsofaffin mata suka yi ta share ido. A cikin dangin amarya akwai wani mai suna Firoz, ɗan Suva babban birni, mai farar riga da baƙin tabarau, yana aiki a kamfanin masu shirya talla. Bai ko gama cin shinkafarsa ba ya bi mutumin bayan rumfa, wurin wanke hannu.

“Kawu, don Allah wa ya ɓoye ka a nan? Wannan muryar a cikin rake kake ƙarar da ita?”

“Ta Allah ce, ɗana.”

“Ai shi ya sa! Abin Allah a bar wa awaki? Zo Suva kwana biyu. Jirgin ruwa, masauki, duk a wuyanmu. 'Yan kalmomi ne za ka faɗa, ba su kai layi uku ba. Daga nan har Lautoka kowane gida sai ya ji ka.”

“Tallan me ne?”

“Wani abin sha ne na alkama, daga Turai ake kawo shi. Fuskarka ba za ta fito ba, Kawu. Sunanka ma ba zai fito ba.”

Ku ji fa. Fuskarka ba za ta fito ba. Wa ke faɗa wa mutum haka in ganyen shayi za a tallata? Ya gane. Tun a wurin, hannunsa da kumfar sabulu, ya gane. Kada wani ya zo ya ce mini yaudararsa aka yi daga farko har ƙarshe. An yaudare shi, amma shi ya riƙe wa mayaudarin ƙofa.

Ya ce wa matarsa likitan ido zai gani a Suva. Ta yarda. Yayarsa kaɗai, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ta dube shi ta ce, “Wane idon? Shekaranjiya a gabana ka zura mini zare a allura.” Ya ɗauki jakarsa ya bi motar da ke zuwa bakin jirgi.

A Suva aka shigar da shi wani ɗaki marar taga, an manna wa bangonsa soso. Ga makirufo, ga tebur, a kan teburin ga doguwar kwalba tana zufar sanyi, an zana mata zangarniyar alkama a ciki. Ba sauran tambaya. Bayan gilashi Firoz na zaune da wata Baturiya da ta zo daga birnin Sidni na Ostareliya. Firoz ya yi masa bayani ba kunya ba tsoron Allah. Ya ce shekara guda giyar nan tana shigowa, baƙi 'yan yawon shaƙatawa kaɗai ke shan ta a otal. Tallan Turanci bai shiga gonaki ba. Suna son talla da harshenmu na gida, da muryar da mutanen karkara za su ji su yarda. Ya ce, “Murya mai amana muke nema, Kawu. Mun gwada 'yan rediyo biyar, duk sai ka ji kamar za su cuce ka.”

Aka miƙa masa takarda shafi huɗu da Turanci. Karatunsa na boko a aji shida ya tsaya. Ya sa hannu bai karanta ba. Abu biyu ya sake tambaya, fuska da suna. Na ukun, wato Wanda ke ganinsa ba sai da fuska ba, bai tambaya ba.

Ya karanta layukan. Baturiya ta girgiza kai. Ya sake, ta girgiza. Ya yi ta yi har bakinsa ya bushe, muryar na fitowa a sandare kamar ta mai karanta sanarwar mutuwa. Da a nan ya tsaya, da sun sallame shi ya dawo gida da mutuncinsa. Allah ya ba shi wannan damar. Amma ransa ya ɓaci, shi da ke sa tsofaffi kuka a ce wata Baturiya na girgiza masa kai?

Sai Firoz ya matso da bakinsa ya ce, “Kawu, manta da mu. Rufe ido. Yi kamar asuba ce.”

Ya rufe ido. Yatsarsa ta ƙwanƙwasa makirufo sau biyu, ita kaɗai, don ta saba. Hannun dama ya hau kunne. Ya ja numfashi ya ce, “Alkamar da ta raine ka tun kana goye, ga ta ta dawo da sanyinta. Rana ta yi, aiki ya ƙare. Zo ka huta. Zo.” Wannan kalma ta ƙarshe ya ja ta, ya ja, ta yi sama kamar za ta tsinke, ya sauko da ita da 'yar rawar nan a wutsiyarta.

Baturiya ta miƙe tsaye tana tafi.

Ya 'yan uwa, abin da ya ɗauka ya ba su ke nan. Ba kalmomin ba, kalmomin nasu ne. Wannan jan da shekara goma sha tara yake tayar da bayin Allah da shi zuwa ga sujada, shi ya ɗora a kan kwalba.

Suka biya shi. Bai sayi riga ba, bai gyara rufin ɗakinsa ba. Tun guguwar bara lasifikar masallaci ke shaƙewa, sai ya sayo sabuwa, babba, ya ce wani bawan Allah ne a Suva ya bayar. Aka ɗora ta, aka yi masa addu'a. A ransa ya wanke kuɗin ke nan. Kun taɓa ganin an wanke tufa da fitsari ta fita?

Sati shida ba a ji komai ba. Har ya fara barci da kyau.

Ran wata Lahadi da la'asar ana wasan ƙarshe na ƙwallon gundumomi. Maza sun cika barandar kantin Bal Gobind, inda talabijin take, Musulmi da Hindu da Fijiyawan ƙauyen gaba, sun kewaye kwanon yangona, jiƙon saiwar nan da ake sha a wurin hira, suna zagayawa da ƙoƙon kwakwa. Mutumin ya zo sayen ƙusa, ya tsaya a baya yana leƙen wasa. Aka tafi hutun rabin lokaci.

Sai ga gonar alkama a fuskar talabijin, ja-wur kamar zinariya, irin wadda ba wanda ya taɓa gani a ƙasar nan. Sai hannun wata mata tana murza roti. Sai kofin gilashi yana cika da wani abu fari-fari mai kumfa. Sannan muryar.

Shiu Dayal ya kai ƙoƙo rabin hanya zuwa bakinsa. Da aka zo jan nan na ƙarshe sai ya zabura kamar an tsikare shi, ya ce, “Kai! Lokacin tatsa ya yi ne?” Sai ya ga rana tana nan a sama. Ya waiwaya a hankali ya ga maƙwabcinsa da ƙullin ƙusa a hannu. Ba da mugunta ya faɗa ba, wallahi mamaki ne ya kama shi. Ya ce, “Ɗan'uwa, ai kai ne wannan.”

Mutumin ya ce, “Murya takan yi kama.”

“Shekara goma sha tara shanuna na tashi da ita. Je ka faɗa wa shanun takan yi kama.”

Sai Sakiusa, direban motar rake, ya ce, “To Malam, yanzu in mun ji ka ce mu zo, ina za mu nufa? Masallaci ko wurin Bal Gobind?”

Bal Gobind ya ce, “Ni dai ku bari kaya su iso tukuna, ran Talata.”

Baranda ta fashe da dariya. Har Musulmin da ke wurin sun yi, na san su ɗaya bayan ɗaya.

Kun ga kuskurensa? Ya ɓoye fuskar da ba wanda ya taɓa kallo, ya miƙa abin da ko jaririn kwarin nan ya san shi da shi.

Da magariba ya je ya ƙwanƙwasa sau biyu ya yi kira. Yana gamawa, daga wani gida can cikin rake wani ya amsa masa da ƙarfi, “Zooo!” Mutum bakwai suka zo salla.

Washegari kwamiti ya zauna. Maulana Sharafat, limamin, mutum ne mai sanyin hali, ya so a bi abin a hankali. Haji Tayyab bai bari ba. Tambaya ɗaya ya yi. Ya ce, “Lasifikar da ke saman kanmu, da wane kuɗi?” Mutumin ya sunkuyar da kai. Aka kawo tsani, aka sauke ta, aka ɗora a baro aka kai masa har ƙofar gida. A gindin mangwaro ta zauna. Daga baya kaza ta yi ƙwai a cikinta. Aka mayar da tsohuwar mai shaƙewa, aka ba tsoho Ashik Ali kiran salla, mai murya kamar ana jan kwano a kan siminti.

Tallan kuwa ya ci gaba. Bayan labarai, tsakiyar fim, kowane hutun ƙwallo. Ya kuma yi aikin da aka yi shi dominsa. Kafin a gama yankan raken bana, kwalabe masu zangarniya sun cika lambatun hanyoyin gona. Samarin gidajenmu da suke jin kunyar giyar gida, wannan ba su ji kunyarta ba. Cewa suke, “Ai ta alkama ce, ladan ma ya ce a zo.” Mutumin ya riƙa fita da buhu da sassafe yana tsince kwalaben, ya kai bayan garken awaki ya haƙa rami ya binne. Washegari ya tarar da wasu.

Aka yi rasuwa a gidan Haji Tayyab, mahaifiyarsa. A bakin kabari aka ɗaga hannu ana addu'a, mutumin ya manta kansa ya ɗaga murya da amin, ya ɗan ja ta. Wani a sahun baya ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Wani ya kama. A kan kabarin tsohuwa, ƙasa ba ta gama rufuwa ba. Daga ranar bai ƙara ɗaga murya a cikin mutane ba.

Ya sayar da awaki biyu ya koma Suva. Firoz ya bar shi a kan benci tun safe har la'asar, sannan ya fito da fara'a, ya rungume shi.

“Kawu! Ka ga abin da muka ci?” Ya nuna masa wani kofin gasa na gilashi a cikin kabad. “Tallan shekara. Kai ka ciyo mana.”

“Ɗana, a cire. Don girman Allah a cire. Zan mayar da abin da kuka ba ni.”

“Haba Kawu, ai ba riga ba ce da za a mayar kanti. Ka sa hannu, shekara uku. Muryar da ke cikin tallan ba taka ba ce yanzu, ta kamfani ce.”

“A cikin wuyana take.”

“Ta wuyanka taka ce, yi abin da ka ga dama da ita. A kawo maka shayi?”

Ya hau jirgi ya dawo. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya zauna a benen jirgin yana kallon ruwa har aka iso.

'Yarsu ta haihu, Nasiban ta tafi Niyu Zilan wankan jego, wata uku ta ce za ta yi. Ba ta dawo ba. Da yayarsa ta matsa mata a waya sai ta ce, “Yaya, ki yafe mini. Rannan ya ce mini zo ki ci abinci, sai na ji duk jikina ya mutu. Ba zan iya ba.”

Shi kuwa ya yi azumin nafila, ya yi istigfari, yana zuwa salla ya tsaya a ƙarshen sahu kusa da takalma. Haka har shekara da rabi. Cikin watan Ramadan Ashik Ali ya kwanta rashin lafiya. Maulana Sharafat ya taka da ƙafarsa har gidan mutumin namu, ya same shi a gindin mangwaro. Ya ce, “Ƙofar tuba ba ta rufe ba. Mun ga halin da kake ciki, Allah ma ya gani. Tashi ka kira mana magariba, mutane na jiran shan ruwa.”

Ya yi wanka. Ya sa farin kayansa na Idi. Ya tsaya a gaban makirufo, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Duk kwarin ya ji ƙwanƙwasar nan. Mata suka tsaya da dabino a hannu. Shiu Dayal ya ajiye bokiti a cikin garke.

Ya yi kabbara, ta fita lafiya. Ya yi shahada, ta fita. Ya zo inda ake kiran mutane su taho ga salla, ya ja numfashi zai ja kalmar, sai ya ji ta a cikin kansa kafin ta fito, ya ga kofin gilashi yana cika. Ya tsaya. Ya sake jan numfashi. Ya tsaya. Lasifika ta riƙa watsa numfashin mutum a kan gonaki, shiga da fita, shiga da fita, ba kalma. Maulana ya zo ya janye shi a hankali ya ƙarasa kiran.

Ba wanda ya yi dariya ranar. Amma ya riga ya makara.

Daga wannan magaribar bai ƙara magana ba. Likita ya leƙa maƙogwaronsa da fitila ya ce ba abin da ya same shi. In yana son ruwa ya nuna. In an gaishe shi ya ɗaga hannu. Yayarsa ta kulle ɗakinta ta dawo gidan tana dafa masa, ya ci loma biyu ya ture. Rake ya wuce lokacin yanka ya tsaya a gona har ya yi fure. Yana da ciwon sukari tun da, ya daina shan magani, ba don taurin kai ba, mantawa yake, kamar yadda yake manta ya shiga inuwa in rana ta iso inda yake zaune. Ƙaya ta soke shi a karkatacciyar ƙafar nan, wurin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi. Aka kai shi asibiti.

Ɗakin maza ne, gado goma sha biyu, da talabijin an kafe ta can sama a bango. Kwana tara ya yi. Ran na taran Lahadi ce, ana wasan ƙarshe na ƙwallon gundumomi, shekara biyu cif da wancan. Duk wanda ke iya ɗaga kai a ɗakin yana kallo. Da la'asar numfashinsa ya canza. Yayar ta ga irin wannan a wurin uwarsu da wurin mijinta, ta san abin da ke tafe. Ta sunkuya a kunnensa tana faɗa masa kalmar shahada. Tana cewa, “Ƙanena, faɗi. Sau ɗaya. Wata shida ban ji muryarka ba, ba na son komai sai wannan. Faɗi.”

Ya buɗe ido. Leɓunansa suka fara motsi.

Sai aka tafi hutun rabin lokaci. Sai ga gonar alkama.

Yayar ta yi ihu a kashe. Abin canza tasha yana aljihun nas, nas ta fita. Wani mai karyayyar ƙafa a gadon gefe ya ce, “Iya, yi haƙuri, minti ɗaya ne, yanzu za a dawo wasa.” Ta ja kujera ta hau, tsohuwa mai shekara saba'in, ta miƙa hannu ga wayar wuta, ba ta kai ba. Muryarsa ta cika ɗakin, lafiyayya, mai ƙarfi, tana cewa rana ta yi, aiki ya ƙare. Ta sauko ta koma ta ɗora kunnenta a bakinsa. Idonsa na kan bango. Leɓen na motsi. A sama ana jan kalmar nan, ana ja, tana yin sama. Kafin ta sauko da 'yar rawarta, leɓen ya tsaya.

Me yake faɗa? Ban sani ba. Kunnena na kan bakinsa, ban ji ba, muryarsa ta bango ta danne ta bakinsa. Ina kyautata zato shahada ce. Ina kwana ina tashi da wannan zaton, ba ni da wani.

Ya 'yan uwa, ga darasin, ba zan naɗe muku shi a ganye ba.

Abin da Allah ya ba ka aro ne. Murya, hannu, fuska, amanar da mutane suka ba ka. Ba naka ba ne balle ka sayar. Kada ka ce ai ni ban sha ba. Wanda ya kira a sha yana cikin abin har wuya. Kada ka ce ba wanda zai gane ni. Shanu ma sun gane shi. Kuma ku sani, zunubin zamanin nan ba ya mutuwa da mai shi. A da mutum ya yi saɓo a bayan gona, a binne shi a binne saɓon. Yanzu ana ɗaukarsa a na'ura a ajiye. Malamai sun faɗa mana akwai sadaka mai gudana, wadda ladanta ke bin mutum har kabari. To wanda ya bar kira zuwa ga giya yana gudana fa? Ƙanena yana ƙarƙashin ƙasa wata biyar, kuma kowace yamma bayan labarai yana tsaye a ɗakunanku yana ce wa 'ya'yanku su zo.

Ya yi laifi, na faɗa a gabanku, ban rage masa komai ba. Yanzu saura naku. Ku da kuka yi dariya a barandar Bal Gobind. Kai da ka amsa masa daga cikin rake, na san muryarka ni ma. Kai da ka yi dariya a kan kabari. Wa ya zo ya zauna da shi a gindin mangwaro ban da Maulana? Shekara goma sha tara yana tashinku salla a kyauta, ruwa da iska, ya faɗi sau ɗaya kuka mai da shi abin hira a bakin kwanon yangona.

An karanta mini takardar da ya sa wa hannu. Daga ranar da aka fara nuna tallan ake ƙirga, saura wata bakwai. Amma a shafi na huɗu an rubuta in kamfani ya ga dama zai ƙara wasu shekara uku, ba sai ya tambayi kowa ba. Sau biyu ina hawa jirgi zuwa Suva. Sau biyu ana ce mini Firoz yana taro. Wata mai shara a ofishin ce ta ji tausayina, ta ce, “Iya, kukan mutum ɗaya ba ya hawa bene. In masu kallo da yawa suka rubuta wa gidan talabijin, shi suke tsoro.”

To an rubuta. Takardar na wurin Maulana Sharafat. Ni na dangwala yatsa, don ban iya rubutu ba. Kun san wanda ya fara sa hannu bayana? Shiu Dayal, wanda bai taɓa kai goshinsa ƙasa a masallaci ba. Ya ce, “Yaya, bakina ne ya fara tona shi, bari hannuna ya fara rufe shi.” Sakiusa ya sa. Bal Gobind ya sa, ya kuma daina sayar da ita. Daga cikin masu salla a masallacin nan, mutum tara na gani.

Ba kuɗinsu nake nema ba. Ba haƙurinsu nake nema ba. Ina so ƙanena ya yi shiru. Ya yi shiru wata shida yana da rai, a bar shi ya yi shiru yanzu da ya mutu. Ran Juma'a bayan salla takardar za ta kasance a bakin ƙofa, kusa da takalma, inda yake tsayawa. Ba wanda zai ce bai gan ta ba.

Ya Allah, ka san abin da leɓen nan ya faɗa, ni ban ji ba, kai ka ji. Ka karɓa masa da mafi kyawun zato. Ka yafe masa, ka yafe wa waɗanda suka yi masa dariya in sun tuba. Allah ya kiyaye mu da sayar da abin da aka ba mu aro. Allah ya kiyaye mu da barin muryar da za ta ci gaba da kiran mutane ga halaka bayan an rufe bakinmu da ƙasa.

Amin.